Kafin A Kashe Tsaron Kwamfuta Don Firinta Ta Yi Aiki

Masu shagunan buga takardu na Yelwa da Gwallameji, da ma'aikatan ofisoshi, da masu yi wa ɗalibai rajistar JAMB a nan Bauchi, da ku nake. A sana'armu ta gyaran kwamfuta akwai koken da ba ya yankewa: an sayo firinta ko sikana ko na'urar ɗaukar hoton yatsa, an jona, kwamfuta ta ƙi karɓa. Sai a ce Windows ta lalace, a yi mata fomatin. Sau da yawa kuwa lafiyarta ƙalau, aikin gadinta take yi.

Kowace na'ura tana buƙatar direba, wato 'yar manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta. Da yawa daga cikin direbobin nan a can ƙuryar Windows suke aiki, inda duk abin da ya shiga yake da iko da komai. Duniya ta ga haɗarin wurin ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da kuskure a sabunta manhajar tsaro ta CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, har jirage suka kasa tashi. Shi ya sa ba a barin kowane direba ya shiga. Idan an hana naka, fara gano wanda ya hana, domin banza ba ta kai zomo kasuwa.

Na farko, sa hannu. Tun zamanin Windows Vista mai bit 64 aka daina karɓar direban da ba a san mai shi ba, daga 2016 kuma Windows 10 ta ƙara tsanantawa, sabbin direbobi sai da sa hannun Microsoft. Buɗe Device Manager, ka danna na'urar da ke da alamar rawaya. Lamba 28 na nufin babu direban sam. Lamba 52 na nufin an kasa tantance sa hannunsa. Faifan da ya zo cikin kwalin tsohuwar firinta yawanci na zamanin Windows 7 ne. Ajiye shi, ka duba lambar samfurin a jikin na'urar, ka sauko da sabon direba daga shafin kamfanin da ya ƙera ta, ko ta Windows Update.

Na biyu, kariyar da ake kira Memory integrity, wadda ke zuwa a kunne a yawancin sababbin kwamfutoci masu Windows 11. Ita, ko da direba yana da sa hannu, takan ƙi shi idan tsoho ne da bai dace da ita ba. Daga 2022 kuma Windows 11 tana zuwa da jerin direbobi masu rauni da ta haramta. Akwai dalili. A 2020 an gano 'yan damfarar RobbinHood, masu kulle bayanan mutane su nemi kuɗin fansa, suna shiga ta wani tsohon direban Gigabyte mai sa hannu na halal su kashe manhajar rigakafi. Windows takan nuna maka sunan direban da ta hana. Sabonsa za ka nema.

Na uku, dokar hukuma, kuma nan ne aka fi ruɗewa. Saƙon zai ce dokar tsarin kwamfutar ta haramta saka wannan na'ura, a tuntuɓi mai kula. Idan kwamfutar ta ofis ce, da gangan aka sa dokar, don kada a kwashi bayanai ko a shigo da cuta ta filashi. Kada ka kawo mana a ɓoye mu ɓalle ta. Je ka sashen kwamfuta na ma'aikatarku da sunan na'urar, su buɗe mata ita kaɗai. Haka nan tun Agustan 2021, bayan raunin tsaro da ake kira PrintNightmare, saka direban firintar da ake tarayya a kanta a ofis sai da izinin mai kula.

Idan kuwa kwamfutar taka ce, ta gwanjo, wataƙila daga wani kamfani na Turai ko Amurka ta fito da dokokinsa a jikinta. Duba sashen asusu a Settings, ko tana haɗe da wata ma'aikata ko makaranta. Idan ba ta haɗe, mai gyara zai shiga gpedit.msc ya cire takunkumin saka na'urori, ko ya adana maka kayanka ya ɗora sabuwar Windows. Idan bayan haka sunan kamfanin ya sake bayyana, mayar wa mai sayarwa, domin rajistar tana hannun kamfanin, ba a cikin kwamfutar kawai take ba.

Abin da ya fi damuna shi ne gyaran gaggawa. Wata Hajiya mai shagon buga takardu ta kawo mini kwamfutarta, sai ga rubutun Test Mode a kusurwar allon ta ƙasa daga dama. Na ce, "Hajiya, wa ya taɓa wannan?" Ta ce wani yaro ne ya gyara mata na'urar yatsa. Ashe binciken sa hannu ya sassauta, ya zuba direba daga filashi, ya tafi ya bar ta haka. A wannan kwamfutar take tura kuɗi ta banki, a ciki kuma akwai hotuna da lambobin NIN na ɗaliban da take wa rajista. Garin neman gira an kusa rasa ido.

'Yan uwana masu gyara, amana ce a hannunmu. Duk kariyar da muka kashe don gwaji, mu kunna ta kafin kwamfuta ta bar shago. Idan na'ura ta tsufa har kamfaninta ya daina fitar mata da direba, mu gaya wa mai ita gaskiya, ko da ba zai ji daɗi ba. Ku kuma masu saye, ku je shago da firintarku ko sikanarku, a jona a gabanku ta yi aiki, sannan ku biya kuɗi.