Me Ya Haɗa Tsaron Intanet da Halin Ɗan Adam?

Wani ɗalibi mai karatun kwamfuta a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero ya aiko da tambaya. Ya ce a saninsa tsaron intanet aikin injiniyoyi ne da masu rubuta manhaja, sai ga shi ya ji ana cewa ba ya kammaluwa sai da ilimin halayyar ɗan Adam da na zamantakewa. Me ya kawo su cikin sha'anin na'ura?

Madalla da wannan tambaya, ɗana. Abin da ka sani gaskiya ne, amma da saura. Tsaron intanet shi ne kare waya da kwamfuta da asusun banki daga wanda ba shi da izinin taɓa su. Injiniya na iya ƙera kwaɗon da ba ya ɓalluwa, sai dai mabuɗin yana aljihun mutum, mutum kuwa yana da tsoro da kunya da kwaɗayi da tausayi. Ɗan damfara ya daɗe da gane cewa roƙon mabuɗi ya fi fasa ƙofa sauƙi.

A ce manomi ne a Maiyama, aka kira shi da murya mai natsuwa: daga banki ne, za a rufe asusunka yau idan ba ka karanto lambar da muka turo maka ba. Me zai sa ya yarda? Ai ya saba. A 2014 Babban Bankin Najeriya ya kawo BVN, wato lambar tantance mai asusu. A watan Disambar 2020 gwamnati ta ce a haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa ta NIN ko a toshe shi. Barazanar rufewa ta zama abin da kunne ya sani, ɓarawo kuma ya ari muryar hukuma ya ƙara da gaggawa, don kada mutum ya samu sararin tambayar ɗansa. Wannan biyayya masana sun auna ta. A 1961, a jami'ar Yale ta Amurka, Stanley Milgram ya sa mutane danna abin da suka ɗauka lantarki ne yake azabtar da wani, kuma kusan biyu cikin uku suka bi umarni har ƙarshe, don kawai mai ba da umarnin ya yi kama da masani.

Abin da ya fi damuna shi ne, kyawawan halayenmu ake farauta. Tun da aka shiga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, cinikin albasa a Aliero da hada-hadar kasuwar Jega suka karkata ga taransifa da POS. Mai saye ya zo da babbar riga, an yi gaisuwa, an ɗora buhuna a mota, ya nuna saƙon cewa kuɗi sun tafi. Mai kaya yana jin nauyin ya ce masa dakata in duba asusuna, kada a ce ya raina dattijo. Alat na bogi a wannan kunyar yake rayuwa. Haka tsohon da ke miƙa kati ga yaron POS yana faɗar lambar sirrinsa da ƙarfi: ba wauta ba ce. Mutum ne da ya taso cikin amana, ga shi rubutun da ke kan na'urar da Turanci yake, shi kuwa ajami ya iya. Wanda ya tsara na'urar bai yi tunaninsa ba, kuma nan ne ilimin zamantakewa yake da aiki.

Kada ka zaci sai wanda bai yi boko ba ake kamawa. A watan Yulin 2020 aka ƙwace shafukan Twitter na Barack Obama da Bill Gates da Elon Musk. Ta waya aka yaudari ma'aikatan kamfanin, jagoran aikin kuma yaro ne ɗan shekara 17 a Florida.

Sai kunya ta biyu, wadda ke zuwa bayan an yi asara. Wanda aka damfara yakan yi shiru don gudun dariya, shirun nan kuwa shi ke ba ɓarawo damar ya yi wa maƙwabcinsa haka. Wanda aka sace wa WhatsApp ma, idan bai yi shela da wuri ba, da sunansa za a roƙi 'yan'uwansa kuɗin asibiti.

Saboda haka, ɗana, ka riƙe karatunka na manhaja da kyau, amma ka riƙa zama da 'yan kasuwa kana sauraron yadda suke yanke shawara. In ka je gida hutu, ka gaya wa Baba da Inna cewa banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya, duba asusu kafin a saki kaya ba raini ba ne, kuma duk wanda aka cuta ya garzaya bankinsa nan take a rufe katin.