Tauraro Rawaya da Allurar Rigakafi: Nazarin Wani Kamance

A damanar 2021 na je hutu gida Babankatami. Wata rana da yamma kawuna ya miƙo mini wayarsa, ya nuna mini hoton da wani ɗan garinmu mai ci-rani a Faransa ya aiko masa ta WhatsApp. Masu zanga-zanga ne, wasunsu sun liƙa tauraro rawaya mai tsini shida a ƙirji. Ya ce, "Kai da kake karatun harshe, mene ne wannan tauraro yake faɗi?" Na ce, "Kawu, cewa yake wanda ya ƙi allurar korona ya zama Bayahuden zamanin Hitla." Ya yi shiru, sannan ya tambaya ko kashe su ake yi. Na ce a'a, gidajen abinci da wasu jiragen ƙasa aka hana su shiga. Ya karɓe wayarsa bai ƙara cewa kome ba.

Tambayar tasa ita ce tushen wannan nazari, domin ta faɗa daidai inda kamancen yake da rauni.

Sai an san asalin tauraron kafin a fahimci aronsa. A watan Satumba na 1941 gwamnatin Nazi ta tilasta wa kowane Bayahude da ya kai shekara shida a Jamus ya liƙa shi a tufafinsa, a watan Yuni na 1942 kuma dokar ta isa yankin Faransa da Jamus ta mamaye. Alama ce ta ware mutum domin a san wanda za a kama a tura sansani. Zuwa 1945 an hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6. Shekara 75 bayan haka, masu adawa da dokokin korona a Jamus suka ɗauko tauraron, suka rubuta masa kalmar da ke nufin "wanda ba a yi wa allura ba", har hukumomin birnin Munik suka hana sa shi a zanga-zanga a 2020. A Amurka, ƴar majalisa Marjorie Taylor Greene ta kwatanta dokar sa takunkumi da tauraron a watan Mayu na 2021, daga baya ta nemi gafara.

Ɗalibin da ya zauna gaban malamin balaga ya san rukunan kamance huɗu ne: abin da ake kamantawa, abin da ake kamanta shi da shi, kalmar kamance irin su "kamar" ko "tamkar", da fuskar kamance, wato siffar da ta haɗa su. Idan na ce "Audu kamar zaki", mai sauraro ya san jarunta nake nufi, ba wutsiya ba. To shi tauraron zanga-zanga ba shi da "kamar", bai kuma bayyana fuskarsa ba. Alamtarwa ce tsagwaronta, kuma ƙarfinta a nan yake. Jimla ana iya ƙaryata ta, amma ƙyallen da aka liƙa a riga ba ya karɓar "ba haka ba ne". Idan muka matsa masa ya zama jimla, fuskar da za ta fito guda ce: hukuma ta raba mutane gida biyu, ta hana wa ɗaya abin da ta bar wa ɗaya. Daga nan kuwa hanya ta rabu. Bayahude ba shi da abin da zai yi ya fita daga rukuninsa, ko da ya canza addini, saboda dokokin Nurembag na 1935 kakanni suke ƙirgawa. Wanda ya ƙi allura yana iya fita daga nasa rukunin gobe da safe. Manufar waccan doka ita ce a rasa mutumin. Manufar wannan, ko mutum ya yarda da hikimarta ko bai yarda ba, ita ce kada ya mutu ko ya harbi wani.

Masu nazarin adon harshen Hausa, irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo, sun raba kamance zuwa na daidaito da na fifiko da na kasawa. Na fifikon ma ya samu misali. A watan Janairu na 2022, a wani gangami a Washinton, Robert F. Kennedy ƙarami ya nuna cewa a zamanin Hitla ma mutum yana iya ɓuya kamar Anne Frank, alhali yau babu maɓoya. Yarinyar da ya ambata an kama ta a maɓoyar tata, ta mutu a sansanin Bergen-Belsen a 1945 tana da shekara 15. Shi ma ya janye maganar.

Abin da ya fi damuna shi ne kamance irin wannan ba ya tafiya shi kaɗai. Labari ne sukutum ake arowa, da duk ƴan wasansa. Idan ni ne Bayahude, dole akwai Hitla, dole akwai mai gadin sansani. Kuma wanda wannan rigar take faɗa wa ba minista ba ne, ma'aikaciyar lafiyar da ke tsaye a ƙofar gida ce da akwatin ƙanƙara.

Wani zai ce wannan rigimar Turawa ce, ina ruwan Adar da ita. Ba haka ba ne. Mu ma muna yin irin wannan aro, rumbun da muke ɗebowa ne daban. Bahaushe idan zai kai azzalumi ƙarshe, Fir'auna yake kira, mai yanka jarirai maza. Muna da Kakalaba a sunayen yunwa, muna da abin da rundunar Voulet da Chanoine ta aikata a Birnin Ƙonni a 1899. A watan Maris na 2020, da gwamnatin Nijar ta hana sallar jam'i saboda korona, har aka yi tarzoma a Mirya da Yamai kafin a buɗe masallatai a watan Mayu, kalaman da na riƙa ji a majalisu na yaƙi da addini ne da makircin Nasara. Sunan abokin gaba ya bambanta, ginin maganar ɗaya ne.

Kano ta fi ba mu darasi. A 2003 jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin shan inna, bayan wasu shugabanni, ciki har da Dokta Datti Ahmad, sun yi zargin an gurɓata maganin domin a hana ƴaƴan Musulmi haihuwa. A lura da nauyin zargin. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ta lissafa hana haihuwa da nufin shafe wata al'umma a cikin ayyukan kisan ƙare dangi. Wato zargin ƙare dangi aka yi, ba tare da an ambaci Yahudawa ba. Kano ba ta koma rigakafin ba sai a watan Yuli na 2004, da aka kawo magani daga Indonesiya. A tsakanin nan cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. A watan Fabrairu na 2013 kuma ƴan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi tara a birnin.

Amma zalunci ne a ce tsoron Kanawa ba shi da tushe, kuma a nan ne tarihin Nazi ya shigo ta ƙofar gaskiya. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu, biyar cikin waɗanda aka ba sabon maganin, shida cikin waɗanda aka ba tsohon. Iyaye suka kai ƙara Amurka cewa ba a nemi yardarsu ba, kamfanin ya musanta. A watan Janairu na 2009 kotun ɗaukaka ƙara a Niyok ta ce ana iya sauraron ƙarar, ta kuma jingina da Ƙa'idar Nurembag ta 1947, wadda ta fito daga shari'ar likitocin Nazi, wadda sharaɗinta na farko shi ne yardar wanda za a yi gwaji a jikinsa. Alƙalan ba su ce kamfanin Hitla ba ne, ba su ce Kano sansani ce ba. Fuska ɗaya suka ɗauka, suka ambace ta da sunanta: gwaji ba da yarda ba. Ana iya kawo shaida a kanta, ana iya musanta ta. Wannan shi ne bambancin kafa hujja da tarihi da sa tarihi a matsayin riga.

Akwai kuma asarar da harshe kansa yake yi. Kalmar da Rafayel Lemkin ya ƙirƙiro a 1944 Hausa ta ba ta fassara mai kyau. "Ƙare dangi" aikatau ne da karɓau, niyyar tana cikin ginin kalmar, saɓanin "kisan kiyashi" da ke nuna yawa kawai. Kalma mai nauyi haka, idan aka riƙa ɗora ta a kan takunkumi da katin allura, sai ta sassauta, kamar yadda "bala'i" ta sassauta har muna cewa abinci ya yi daɗi bala'i. Tun 1990 Mike Godwin ya lura cewa duk gardamar intanet da ta yi tsawo sai an ambaci Hitla. Abin da bai shafe shi ba, amma ya shafe mu, shi ne ranar da za a buƙaci kalmar da gaske a same ta ta lalace.

Ga mai neman batun kundin digiri, ga fili nan a buɗe. Saƙonnin murya da suka yi yawo tsakanin Madawa da Buza da Keita a 2020 da 2021 suna nan a wayoyin mutane. A tattara su da izinin masu su, a rubuta su yadda aka faɗe su da Adarcinsu, a fitar da kowane "kamar" da "tamkar" da "irin na", sannan a tambayi kowanne fuskarsa. Ni na fara da wayar kawuna, bayan ya sa na yi masa alkawarin ba zan taɓa hotunan awakinsa ba.