Shawara Kan Ciwon Dajin Huhu

Tun daga shekarar 1950, lokacin da masu bincike Richard Doll da Bradford Hill suka nuna a Ingila alaƙar shan taba da ciwon dajin huhu, ilimin likitanci ya yi nisa ƙwarai, har ya zamana a yau ana gwada ƙarin da ya tsiro, idan an sami canji a ƙwayoyin gado da ake kira EGFR ko ALK a bai wa majiyyaci ƙwayoyin maganin da suka dace da cutarsa, akwai kuma maganin da ke zaburar da garkuwar jiki. Sai dai wannan ni'ima ta fi amfanar wanda bai makara ba.

Saboda haka, idan tari ya wuce mako 3, ko aka ga jini a kaki, ko rama ba dalili, a garzaya asibiti. Idan kuwa an sha maganin tarin fuka babu sauƙi, a roƙi likita ya sake bincike, domin cututtukan biyu suna kama. Mai shan taba ya daina, amma a sani wanda bai taɓa sha ba ma yana kamuwa, don haka zargin majiyyaci zalunci ne. A raka shi asibiti, a haɗa addu'a da magani. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi.