Darasi Na Goma Sha Huɗu: Tsagar Gilashin Gaban Mota

Yawancinmu ba mu da mota, amma babu wanda ba ya shiga mota. Ran kasuwa mu kan shiga. In za a kai mara lafiya asibiti, mota a ke nema. Waɗansu a cikin ajin nan 'ya'yansu direbobi ne, waɗansu kuwa ƙannensu yaran mota ne. Saboda haka darasin yau ya shafe mu duka. Za mu yi magana a kan gilashin gaban mota, da abin da ya kamata a yi in dutse ya buge shi.

Abin da muka gani

Bara da bazara mun fita rangadin duba azuzuwa a wata gunduma. Muka shiga motar kasuwa, aka ba mu gidan gaba. Muna cikin tafiya sai muka tarar da tifa ɗauke da tsakuwa. Direbanmu ya matsa kusa da ita ƙwarai, yana neman ya wuce. Sai muka ji ƙas! Tsakuwa ɗaya ta faɗo ta bugi gilashi, ta bar ɗan tabo kamar ƙwayar dawa.

Muka ce, "Direba, ka kai a gyara maka wannan tun da wuri."

Ya yi dariya, ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan wannan? Ai ba kome ba ne."

Bayan mako biyu muka sake shiga motarsa. Muka ga tsaga ta tashi daga tabon nan, ta ratsa gilashin tun daga wannan gefe har wancan. Muka tambaye shi yadda aka yi. Ya ce ran nan da tsakar rana motar ta sha zafi a tasha, sai yaronsa ya kwara wa gilashin ruwan sanyi don ya wanke ƙura. Nan take tsagar ta gudu. Tilas ya sayi sabon gilashi. Ribar da ya tara ta kwana da kwanaki ta tafi a nan, motar kuma ta yi kwana biyu ba ta fita ba. Gaskiyar masu iya magana, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Yadda a ke yin gilashin gaba

In muka dubi gilashin gaba sai mu ga kamar falle ɗaya ne. Alhali kuwa falle uku ne aka manne wuri ɗaya. Akwai gilashi a waje, akwai gilashi a ciki, a tsakaninsu kuma akwai wata roba garau da ido ba ya ganinta. Kaurin robar bai kai milimita 1 ba, kaurin gilashin duka wajen milimita 5 ne. Robar nan ita ke riƙe gilashi in ya fashe, kada ya tarwatse a fuskar mutane.

Wani Bafaranshe masanin haɗa magunguna, sunansa Eduwar Benediktus, shi ya fito da wannan dabara. Labarin da a ke bayarwa shi ne, a shekara ta 1903 wata kwalba ta suɓuce ta faɗi a ɗakin aikinsa. Ta tsattsage, amma ba ta watse ba, domin wani abu mai danƙo ya bushe a jikinta daga ciki. Ya yi ta nazari a kai, har ya yi rajistar dabarar a 1909. A 1927 kamfanin Ford na Amurka ya fito da wata sabuwar mota mai irin wannan gilashi a gaba. Yau ko wace mota da irinsa a ke ƙera ta.

Gilasan gefe da na baya galibi ba haka su ke ba. Su falle ɗaya ne da aka gasa da wuta. In suka fashe sai su ruguje ƙanana ƙanana kamar gishiri. Ba a gyara su, sai dai a sake. Na gaba ne kaɗai ya ke karɓar gyara, domin sau da yawa dutse fallen waje kawai ya ke ji wa ciwo.

Amfaninsa

Gilashin gaba yana tare iska da ƙura da ruwan sama. Wannan kowa ya sani. Amma yana da waɗansu ayyuka da suka fi haka. Da shi direba ke ganin hanya. In mota ta yi karo, shi ke hana mutanen gidan gaba su faɗa waje. A motocin zamani manne shi a ke yi da jikin mota da gam mai ƙarfi, don haka in mota ta kife yana taimakawa wajen tokare rufi kada ya danne mutane. Gilashin da ya tsage ya rasa wani abu daga ƙarfinsa. Da dare kuma, in fitilar wata mota ta haske tsagar, sai ta kashe wa direba ido. Mu tuna, rayukanmu ne a bayansa.

Abin da ke sa tsaga ta gudu

Abu uku ne.

Na farko, zafi da sanyi. Gilashi ya kan buɗe kaɗan in ya yi zafi, ya tsuke in ya yi sanyi. In wani sashi ya yi sanyi farat ɗaya, sauran kuwa yana da zafi, sai su ja juna. Inda tabo ya ke, nan ne ba shi da ƙarfi, nan zai ɓalle. Abin da ya sami direbanmu ke nan. Haka kuma zai faru in aka zuba wa gilashi ruwan zafi da asubar hunturu.

Na biyu, girgiza. Gargada da ramukan hanya, da buga ƙofa da ƙarfi, duk suna ƙara wa tsaga tsawo.

Na uku, ƙura da ruwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In ƙura ko ruwa ko sabulu suka shiga tabon, maganin gyara ba zai kama sosai ba, kuma wurin ba zai fita fes ba.

Abin yi nan da nan

In dutse ya bugi gilashi, direba ya nemi wuri mai kyau ya tsaya. Ya share ƙurar da ke kewaye da tabon a hankali da busasshen ƙyalle. Sa'an nan ya liƙa ɗan salatif mai garau a kai daga waje. Salatif ba gyara ba ne, ƙura da ruwa kawai ya ke tarewa. Kada ya danna wurin da yatsa. Kada ya tsokane shi da ƙusa. Kada ya ɗiga masa gam ɗin nan mai kamawa nan take da a ke sayarwa a tireda, domin ya kan bushe a baki ya toshe ramin, mai gyara ya rasa ta inda zai sa magani. Ya riƙa ajiye motar a inuwa, ya tafi sannu a kan gargada. Kada ya wanke gilashin. Cikin kwana ɗaya ko biyu ya kai wa mai gyaran gilashi.

Yadda mai gyara ke aiki

An fara irin wannan gyara a Amurka a shekarun 1970. Kafin nan, gilashin da ya tsage sai a jefar.

Mai gyara ya kan fara share tabon, ya fid da ɓarɓashin gilashi, ya tabbata wurin ya bushe. A inuwa ya ke aiki, gilashin kuma ba da zafi ba. Sai ya kafa wani ɗan ƙarfe mai kama da sirinjin allura daidai bakin ramin. Da shi ya ke zuƙe iskar da ke cikin tsagar, ya tura wani ruwa garau mai kama da narkakken ƙaro. Ya zuƙa, ya tura, har ruwan ya cika ko wane lungu. Sa'an nan ya rufe wurin da 'yar leda, ya haska masa wata fitila ta musamman. Hasken fitilar nan shi ke daskarar da maganin. Hasken rana ma yana daskarar da shi, abin da ya sa ba a fara aikin a rana ke nan, kada ya bushe tun bai shiga ba. In ya daskare, sai ya kankare abin da ya yi tudu da reza, ya goge. Aikin duka kamar rabin sa'a ne.

Bayan gyara a kan ga ɗan alama kaɗan, kamar tabon miki da ya warke. Kada wannan ya dame mu. Abin nema shi ne tsagar ta tsaya, gilashi ya koma da ƙarfinsa. Kuɗin gyara kuwa kaɗan ne in aka gwada shi da kuɗin sabon gilashi.

Wanda ba ya gyaruwa

Ba ko wace tsaga ke karɓar magani ba. Tabon da faɗinsa bai wuce inci 1 ba ya kan gyaru. Haka kuma gajeriyar tsaga da ba ta wuce inci 6 ba, watau ba ta kai taƙi guda ba. Amma a sake gilashi in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Tsaga doguwa, ko tsaga mai rassa da yawa.
2. Tsagar da ta kai bakin gilashi.
3. Tsagar da ta ratsa har fallen ciki. In ka shafa daga cikin mota ka ji kaushi, to, ta ratsa.
4. Tabon da ke daidai saitin idon direba, domin alamar gyara za ta riƙa ɗauke masa ido.

In an sa sabo, a tambayi mai gyara sa'a nawa gam zai yi kafin ya kama. Kada a yi gaggawar lodi. Har wa yau direba ya sani, ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, su kan tsai da mota mai farfasasshen gilashi su ci mai ita tara.

Namu aikin

Mu da ba mu tuƙi, muna da abin yi. Mu hana yara jifa a bakin titi, ko harbin tsuntsu da danƙo inda motoci ke wucewa. In mun ajiye duwatsu a hanya don mota ta lalace, mu kwashe su kafin mu tashi. In muna cikin mota muka ga direba yana bin gindin tifa, mu roƙe shi da ladabi ya ja baya. Wanda ya ke da ɗa ko ƙane direba, ya karanta masa wannan darasi, ya ce masa ya riƙa ajiye salatif a mota. Allah ya kiyaye hanya, amin.

Tambayoyi

1. Falle nawa ne a gilashin gaban mota? Mene ne a tsakiya?
2. Me ya sa tsagar gilashin direban nan ta gudu?
3. Me za a liƙa a kan tabo, kuma don me?
4. Faɗi iri biyu na tsagar da ba ta gyaruwa.
5. Daga 1909 zuwa 1927 shekara nawa ne?

Aikin rubutu

Kowa ya rubuta wa wani direba da ya sani gajeriyar wasiƙa, layi biyar, ya gaya masa abin da zai yi in dutse ya bugi gilashin motarsa. A kawo wa malami ran aji mai zuwa.