Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ke Kula da Masu Kula da Tsofaffi?

Wasiƙarmu ta yau daga Zariya ta fito. Wata baiwar Allah ce ta rubuto cewa ƙanwarta na aiki a gidan kula da tsofaffi a Ingila, kuma tun annobar korona ta canza, ba barci, ba walwala. Tana tambaya, shin ba abin da aka yi wa irin waɗannan ma'aikata ne?

To Hajiya, an yi, amma sai da ruwa ya kai wuya. A Maris da farkon Afrilun 2020, an riƙa kwaso tsofaffi daga asibitoci ana kai su gidajen nan ba tare da an gwada kowa da kowa ba, tsarin da Babbar Kotu ta ce a 2022 ya saɓa doka. Ga ƙarancin takunkumi da sauran kayan kariya. Ana cewa a ba da tazara, to wadda ke yi wa tsoho wanka, ta ba shi abinci a baki, ta juya shi a gado, ta ina za ta ba da tazarar? Da aka hana dangi shiga kuwa, ita ce ke kara wa mai jinya waya a kunne ya yi sallama da 'ya'yansa, gari na wayewa ta koma bakin aiki.

An dai yi musu tafi duk daren Alhamis da ƙarfe 8. Madalla, amma tafi ba ya biyan haya. A lokacin, da yawansu in sun kamu, fam 95.85 kacal aka riƙa ba su a mako, shi ya sa wata za ta daure ta fito aiki da zazzaɓi. Sai a Mayun 2020 gwamnati ta ware fam miliyan 600, har da biyan cikakken albashi ga wanda aka killace. A ganina wannan ne taimako na haƙiƙa. Wales da Scotland ma sun ƙara wa ma'aikatansu fam 500.

Saura naku, Hajiya. In ta kira gida, kada zancen aike ya riga gaisuwa. Ku bar ta ta amayar da abin da ke cikinta, ban da saurin cewa ta yi haƙuri. In rashin barcin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ki matsa mata ta ga likitanta, ta kuma nemi hutunta na shekara, haƙƙinta ne. Ki gaishe mana da ita.