Kafin ka juye faifan CD zuwa waya

Malam, in kana da faifan tafsiri ko na Shata, duba shi a kwamfuta tukuna. Yawancin faifan da ake saya a kasuwar Rano MP3 ne tuni, kwafa kawai za ka yi.

In ainihin faifan sauti ne, sauke manhajar fre:ac, kyauta ce, kuma bayanin amfaninta na cikinta ƙarƙashin Help. Wanda ke Kibiya yana lissafin data, wannan bayanin ya fi masa bidiyon YouTube. Faifan da ya ƙarzu kuwa sai manhajar Exact Audio Copy: nemi bayanin Secure mode, wanda ke maimaita karanta gurbin da ya lalace. Ajiye asali a FLAC, MP3 na waya ne. Sunayen waƙoƙinmu ba za su fito da kansu ba, da hannu za ka rubuta.