DARASI A KAN RAUNI: MATAKANSA DA HUKUNCINSA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi na ƙasar Pauwa, ka san halin da muke ciki a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Shekarun rashin tsaro sun sa adda da gora da barandami ba su rabuwa da hannun samari. Abin da aka ɗauka don tsaron gida, sai ka ga an zare shi a kan gardamar ƙwallo, ko iyakar gona, ko taron siyasa. To ka sani, kowane duka da ka kai wa mutum yana da mataki, kuma kowane mataki yana da hukuncinsa.

Mataki na farko: dukan da bai bar rauni ba, kamar mari. A mazhabar Imam Malik babu ƙisasi a kan mari, amma alƙali zai yi wa mai shi ladabi gwargwadon abin da ya gani. Kada ka ce ai mari ne kawai. Mutuncin ɗan'uwanka ka taɓa.

Mataki na biyu: raunin da ya yanka fata ko nama, har zuwa rotsen da ya tona ƙashin kai ko na fuska, wanda malamai ke kira muliha. Idan da gangan ne, akwai ƙisasi. Idan kuskure ne, diyyar muliha raƙuma 5 ce.

Mataki na uku: lalata gaɓa. Cikakkiyar diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, da ita ake auna sauran. Ido ɗaya rabin diyya ne, watau raƙuma 50, haka hannu ɗaya, haka ƙafa ɗaya. Yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5. Asalin yawancin waɗannan adadi yana cikin takardar da Annabi (S.A.W.) ya ba Amru bin Hazm, wadda Imam Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa. Ƙisasin gaɓoɓi kuwa, duba Suratul Ma'ida aya ta 45, inda kuma aka kwaɗaitar da yafewa.

Mataki na huɗu: raunin da ya kai ga ƙwaƙwalwa, ma'amuma, da sukan da ya shiga cikin ciki, ja'ifa. Kowannensu sulusin diyya ne. Ba a yin ƙisasi a nan, domin ramawar tana iya kashe mutum, alhali shi bai kashe ba. Ka ga adalcin shari'a ko? Har mai laifi ba a yarda a wuce da shi iyaka ba.

Kada ka zaci wannan karatun zaure ne kawai. A shekarar 2001, bayan Jihar Katsina ta soma aiki da shari'a a kan laifuffuka, wata kotu a Malumfashi, nan kusa da mu, ta sami wani mutum da laifin makantar da idon abokinsa a wajen faɗa. Hukuncin shi ne ƙisasi, sai fa in wanda aka cuta ya karɓi diyyar raƙuma 50. Yanzu ka je kasuwa ka tambayi kuɗin raƙumi ɗaya, ka riɓanya sau 50, sa'an nan ka gaya mini buhun masara nawa ke nan.

Dokar gwamnati ma ba ta ƙyale ba. Kundin Final Kod na Arewa da ya fara aiki a 1960 ya raba rauni biyu. Ga ƙaramin rauni da gangan ya sa ɗauri har shekara 1. Ga babban rauni, kamar karaya, ko cire haƙori, ko makantarwa, ko ciwon da ya hana mutum harkarsa kwana 20, ya sa har shekara 7. In da makami ne kamar adda, babban rauni ya kai shekara 14. Jihohi sun yi wa kundin gyare-gyare daga baya, amma har yau makami yana ƙara wa laifi nauyi.

To me ake so ka riƙe? Na ɗaya, ƙisasi aikin hukuma ne. Ba a ma zartar da shi sai rauni ya warke an ga iyakarsa, balle kai da za ka tara abokai cikin dare ku je ramuwa. Na biyu, laifin mutum a kansa yake tsayawa. Ba ka da ikon sarar wani don danginsa ko ƙabilarsa. Na uku, in ka taɓa ji wa wani rauni, je ka same shi tun kuna raye, ka biya shi ko ka nemi yafewa a gaban dattawa, domin a ranar hisabi babu raƙumi babu naira, da ladanka za a biya shi.

Allah Ya tsare hannayenmu daga jinin bayinSa, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.